Ni da Ƙararrawar Gidan Alhaji Lawal

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je nema wa ɗan yayana aure a Unguwar Dosa ba, ko da na so in manta, don mutanen gidana sun ɗaura aniyar ba za su bar ni ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in an taru ana hira aka rasa abin dariya, ni ake jawowa. Tun ina ɓata rai har na gaji. Yanzu ni da kaina nake ba da labarin, saboda na lura in wani ne ya bayar sai ya ƙara masa gishiri.

Bari in fara da aikina, tunda shi ya ja mini. Ni sakatare ne a wata ma'aikata ta jiha a nan Kaduna. Ba babban sakatare ba, a lura (tsakanina da wannan kujera akwai hawa biyu na bene, akwai kuma rabo). Sakataren ofishin darakta ne ni, wato mutumin nan da ke zaune a teburin waje bakin ƙofa, mai buga takardu, mai jera fayil, mai ce wa baƙi "Oga yana mitin" alhali yana jiyo Oga yana taunar gyaɗa. A lokacin shekarata goma sha tara a kan wannan tebur. Daraktoci shida sun zo sun wuce, ina nan inda suka same ni. Ban raina aikina ba, wallahi. Da shi na gina ɗan gidana a Badarawa, da shi na tarbiyyantar da 'ya'yana, kuma ina barcina lafiya.

Duk daraktan da ya zo, abu ɗaya yake gada daga na gabansa: ƙararrawa. Maɓallinta yana gefen teburinsa, bakinta yana bango daidai saman kaina. In ya danna ta ce "ɗin-don", sai in miƙe, in suri fayil in maƙale a hammata, in zaro biro daga aljihu, in tura ƙofa in ce "Yessa!" Sau ashirin a rana, wata rana talatin. Mai son lissafi ya lissafa da kansa, ni dai na san gwiwoyina sun san adadin.

Matata Hajara malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata, shi ya sa nake kiranta Malama. Wata Lahadi da yamma tana duba takardun jarrabawa a tsakar gida, ina kishingiɗe kusa da ita ba aikin fari ba na baƙi, sai na ga tana ta jan jar biro a ƙarƙashin kalma ɗaya, takarda bayan takarda, tana tsaki. Na ce wace kalma ce wannan da ta hana yara sakat?

"Sitimulos," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Duk abin da zai taɓa mai rai ya sa shi ya amsa. Haske ne, ƙara ce, wari ne, zafi ne. Ka taka garwashi ka ɗauke ƙafa. Garwashin shi ne sitimulos, ɗauke ƙafar ita ce amsa. Kullum sai yaran nan sun juya mini su."

Na gyara kishingiɗa. Ina da wani hali, in aka kawo zancen da ban sani ba, a nan nake fi ƙarfin baki. Na ce ai wannan karatun dabbobi ne da jarirai. Mutum mai hankali, wanda ya mallaki kansa, ba a taɓa shi ya zabura kamar fara. Sai ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa tukuna, in ya ga dama ya amsa, in bai ga dama ba ya share.

Malama ba ta yi musu da ni ba. Ta kira 'yarmu Fa'iza ta ce ta kawo mata lemon tsami da wuƙa. Ina tsakiyar jawabina ta yanka shi biyu a gabana, ta ɗaga ɓari ɗaya ta matsa a kan harshenta tana kallona. Kafin in kai ƙarshen maganar miyau ya cika mini baki, dole na dakata na haɗiye, maƙwat, har Fa'iza ta ji.

"Baban Fa'iza, da wa ka yi shawara kafin ka haɗiye?"

Na ce wannan daban, ai miyau ba mutum ba ne.

"To ƙararrawar Oganka fa?"

"Wannan ladabin aiki ne," na ce. "Ni nake ganin dama in tashi."

"To," ta ce, ta koma kan takardunta. Duk wanda ya yi shekara ashirin da aure ya san irin wannan "to" ɗin.

Daga ranar kalmar ta zauna a gidanmu daram. In aka kawo wuta yara suka watse da gudu kowa na neman cajarsa, sai Malama ta ce ga sitimulos ga amsa. In ta aika aka sayo balangu, Fa'iza za ta leƙo ɗakina ta ce, "Baba, sitimulos ɗinka yana cikin leda," ni kuwa tuni ƙamshin ya riga ta isowa, har na sa takalmi. Ni ma, duk da musun da na yi, kalmar ta kwanta mini. Tana da nauyi a baki. Na tafi da ita ofis, sai ga shi na fara ganinta a takardun da nake bugawa, inda manya ke amfani da ita in ana zancen abin da za a yi don kasuwa ta farfaɗo. Shi ke nan na samu abin yi. Na riƙa barbaɗa ta a hira kamar yaji, inda ta dace da inda ba ta dace ba, masinjojin ofis suna kallona da girmamawa.

Yanzu ga Sadiq. Ɗan marigayi yayana ne, yana da shekara goma sha biyu ya dawo hannuna. Yaro mai kunya, mai kiyaye salla, ya gama karatunsa ya samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ya ga yarinya mai suna Nusaiba ya ce ita yake so, ita ma ta ce shi. Matsalar ita ce mahaifinta, Alhaji Lawal, wanda ya yi ritaya yana babban sakatare. Na gasken fa, ba irina ba. An san shi a Unguwar Dosa da cewa ya riga ya sallami masu neman Nusaiba har sau biyu, kuma ba da faɗa ba. Zai karɓe ku, ya ba ku shayi, ya ce, "Za mu yi shawara," daga nan ba za ku sake jin ɗuriyarsa ba.

Sadiq ya zo ya durƙusa a gabana, duk ya rame. Ya ce, "Baffa, ni ba ni da kowa sai kai. In aka ce za a yi shawara, shi ke nan na rasa ta."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, amma nawa hankalin ne ya tashi. Na kwana biyu ina tunani ɗaya: mutumin da ya zauna a ƙololuwar bene, me zai gani a gidan mai zaman teburin waje? Tsoro ne ya kama ni, na faɗa a fili. Kuma tsoro ne ya sa na yi wautar da na yi.

Ranar Asabar bayan la'asar na fito da babbar rigata ta shadda, wadda ba ta ganin rana sai da Salla. Na kafa hula zanna, na yi wanka da turare. Na ɗauki maƙwabcina Malam Isiyaku ya raka ni, saboda Allah ya yi masa baki, in yana yabon akuya sai ka ɗauka raƙumi ne. Sadiq ya tuƙa mu. A hanya na sunkuya na ce wa Malam Isiyaku a hankali, "In an zo gabatarwa, ka ɗan gyara maganar aikina." Ya ce in bar masa. (Da na san yadda zai gyara ta, da na bar ta a yamutse.) Da muka isa, Sadiq ya faka a gindin wata bishiyar dogon yaro a waje ya zauna jira, tunda ba a shiga da mai neman aure.

Alhaji Lawal ɗan ƙaramin mutum ne, farar kaftani ba ko aiki a wuya, da tabarau. Ƙanensa yana zaune gefensa, dattijo marar magana. Aka nuna mini wata kujera mai laushi kusa da ƙofar da ke shiga cikin gida, da ɗan tebur a gefe, a kansa ruwa da farantin dabino. Aka gaisa, aka tambayi iyali, sai Malam Isiyaku ya gyara murya.

"Alhaji, wannan bawan Allah babban jami'i ne a ma'aikata. Takarda ba ta shiga wurin darakta sai ta bi ta hannunsa, ba ta fita sai da saninsa. Mutum komai girmansa ba ya ganin darakta sai ya yarda. Daraktoci shida ya gani da idonsa!"

Ka duba maganar nan da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, amma gaba ɗayanta ƙarya ce. Ni kuwa maimakon in ce a'a, sai na jingina da kujera, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, abin da ban taɓa yi a gaban babba ba tun da aka haife ni. Har girgiza ta na riƙa yi.

"Ma sha Allah," in ji Alhaji. "Wane sashe kake riƙe da shi?"

"Ai Alhaji, mu ko'ina muna taɓawa," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya tambaye ni halin Sadiq, na amsa da kalma uku na dawo kan kaina. Malam Isiyaku ya gabatar da abin da ya kawo mu cikin ladabi, Alhaji ya ce, "Mun ji." Na ga fuskarsa tana ta yin sanyi, amma a haukata sai na ɗauka kwarjinina ne yake aiki. Da ya tambaye ni yaya aikin gwamnati yake yanzu, don dai kada ɗakin ya yi shiru, sai na ga dama ta samu. Na zaro babbar kalmata.

"Wallahi Alhaji, aiki ya lalace. Ma'aikacin yanzu ba ya motsi sai da sitimulos. Sai an taɓa shi, sai an kira shi, sannan ya zabura. Mu kuwa da muke sama, kullum abin da nake gaya wa na ƙasa da ni shi ne, mutum mai daraja ba ya zama jiran a danna masa..."

Ban ga lokacin da hannun Alhaji ya sauka gefen kujerarsa ba. Ban kuma san akwai wani ɗan farin akwati a bango daidai saman kaina ba.

Ɗin-don.

Wallahi tallahi ban san na tashi ba. Abin da na sani kawai, na ganni tsaye ƙiƙam a gaban Alhaji Lawal, ƙafafuna a haɗe, biro a hannun dama, kaina a ɗan sunkuye, bakina kuma ya riga ya gama cewa, "Yessa!" da muryar da ta cika falon. A hammatata ta hagu akwai wani abu mai sanyi da na matse da kyau. Farantin dabino ne. Dabinon kuwa yana ta gangarowa ta cikin babbar rigata, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗuwa kan kafet.

Ban gama gane abin da ya faru ba sai ga wani dattijo ya fito ta ƙofar cikin gida da tawul a kafaɗa. Baba Ishaya ke nan, kukun Alhaji tun suna gidan gwamnati, wanda dominsa aka sa ƙararrawar. Ya zo ya tsaya daidai kafaɗata ya ce, "Yessa!" Sannan ya juyo ya dube ni daga zanna har takalmi, ya dubi farantin da ke hammatata, ya ce cikin tausayi, "Oga, ai ni ake kira."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na so in koma kujera, ƙafafuna suka ƙi. Na so in ajiye farantin, na rasa inda zan ajiye shi. Malam Isiyaku ya cusa fuskarsa cikin hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Abin da ya fi ci mini rai a wannan lokacin ba kunyata ba ce. Sadiq na tuna, yana can gindin bishiya yana jiran Baffansa ya fito masa da labari mai daɗi, ga Baffan nasa nan ya zubar masa da aure a kan kafet.

Alhaji ya cire tabarau ya goge ido. Sai a nan na lura dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti. Ya ce wa Baba Ishaya ya kawo shayi, sannan ya dube ni.

"Shekara nawa a teburin waje?"

"Goma sha tara, ranka ya daɗe." Muryata ta dawo tawa ta ainihi.

"Fayil a hagu, biro a dama," ya ce yana gyaɗa kai. "Haka Malam Garba nawa yake yi, Allah ya ji ƙansa. Shekara tara yana bakin ƙofata, ko sau ɗaya maganar ofis ba ta fita ta bakinsa ba. Ranar da na yi ritaya, shi kaɗai ya raka ni har mota." Ya mayar da tabarau. "In gaya maka gaskiya, Malam, shayin nan na kira ne don in kun sha in ce muku za mu yi shawara. Mutumin da ya zauna can yana girgiza mini ƙafa ban san shi ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in ba gidansa 'yata ba. Amma wannan da ya taso yanzu, na san shi. Ajiye farantin ka zauna, mu fara daga farko. Kai ka riƙe yaron?"

Na zauna, wannan karon a bakin kujera, yadda na saba. Na gaya masa yadda yayana ya rasu ya bar Sadiq, yadda yaron ya zo gidana da kayansa a jaka ɗaya, yadda yake tashi ya share tsakar gida ba wanda ya sa shi, yadda albashinsa na farko ya kawo wa Malama atamfa ya kasa ko miƙa mata don kunya, sai ajiye ta ya yi a bakin ƙofa ya gudu. Ina magana idona ya ciko, ban ɓoye ba, don wanda ya riga ya zubar da dabino a gaban mutane ba shi da sauran abin ɓoyewa. Ban sake ambaton babbar kalmata ba. Alhaji ya yi ta tambaya, ina amsawa, har shayin ya huce. Can ya juya ya dubi ƙanensa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ƙanen nasa, da bai ce mana uffan ba tun shigarmu, ya gyara zama ya ce, "An ba ku. Allah ya sa albarka." Aka shafa fatiha, ina shafawa ina jin wani dabino da ya maƙale a aljihun rigata.

Da muka fito, Sadiq ya taso da gudu har yana tuntuɓe. Malam Isiyaku ya dafa mota yana share hawayen dariya, abin da ya ƙara tsorata yaron.

"Baffa, yaya? Shawara za a yi?"

"An ba ka," na ce.

Ya durƙusa nan kan titi ya riƙe hannuna. "Baffa, me ka ce masa? Wallahi kowa ya ce ba ya yarda. Me ka gaya masa?"

"Kalma ɗaya tak," na ce. "Tada mota."

Na roƙi Malam Isiyaku ya rufa mini asiri, ya rantse zai rufa, kuma na yarda ya rufa. Amma na manta cewa matan gidan Alhaji suna bayan labule, kuma suna da waya. Kafin mu kai Badarawa labarin ya riga mu. Malama ta tarbe ni da fara'a, ta yi mini barka, ta zuba mini tuwo, ba ta ce komai ba a kan zancen. Na yi ta murna na auri mace mai tausayi. Sai bayan wata biyu na gano ta mayar da ni darasi. Duk shekara in ta zo wannan babi a aji, sai ta ba da misalin "wani ma'aikaci da na sani", ta rubuta ƙararrawa a ɓangare ɗaya na allo, ta rubuta tashi tsaye a ɗaya ɓangaren. Ta ce tun da ta fara, babu yarinyar da ta sake juya mata su a jarrabawa. Na ce to alhamdulillahi, ko ba komai na yi wa ilimi hidima.

An yi bikin lafiya. Nusaiba yarinya ce ta gari, ga shi har sun samu ɗa. Ni da Alhaji Lawal yanzu muna shiri sosai, in na je gaishe shi ni da Baba Ishaya muke hirar ciwon gwiwa, kuma ana ba ni kujerar da ke nesa da wancan bangon.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ari girman da ba naka ba, fara tambayar jikinka ko ya yarda, don shi ba ya iya ƙarya. Bakina ya yi rabin awa yana ƙoƙarin kashe auren nan, ƙafafuna suka raya shi kafin in ƙifta ido. Saboda haka na ɗauki alkawari, duk inda aka tura ni, ni zan faɗi matsayina da bakina tun kafin wani abu ya faɗa a madadina.

Watan jiya aka sake tura ni neman aure, na ƙanen Malama, can Unguwar Shanu. Ko zama ban gama yi ba na ce wa mai gidan, "Kafin a yi nisa, ni sakatare ne, na teburin waje."

Ya dube ni yana murmushi, ya jawo farantin dabinon da ke kusa da ni ya mayar gefensa.

"Ai mun sani, Malam," ya ce. "Ba kai ne na gidan Alhaji Lawal ba?"